Kwalbar Rijiyar Gwadabe

Ni ne Halliru na Jajaye, wanda ake kira Ƙi-faɗi. Ban taɓa zama a aji ba, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, amma ka bi daga Rogo har Ƙaraye ka tambaya, za a nuna maka ƙofar gidana. Agana ta kama ni ina yaro, ta kwashe sa'o'ina, ni ta bar min zane a fuska ta wuce. Babban fari ya zo, na ga maza suna kuka a kan gawar shanunsu, ni na kora nawa kudu na dawo da su. Bushiya, annobar shanu, ta shigo garke, na fita da abin da ya haifa min wani garken. Duk wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya hana ni sakewa shi ne karatun autana, Lurwanu.

Yaron nan ya gama jami'a, ya je Kudu ya yi bautar ƙasa, ya dawo. Abokan karatunsa kowa ya samu ofis, wani har da motar gwamnati. Shi kuwa ya durƙusa gabana ya ce zai koma ya yi digiri na biyu a kemistiri, wai ilimin sanin abin da ke ɓoye cikin ruwa da ƙasa da sauran abubuwa.

Na ce, "Na farkon da aka ba ka hujewa ya yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan bincike ne. Ni zan nemo abin da ba a sani ba."

Na ce to, Allah ya taimaka, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Namiji mai lafiya ba ya ƙin aiki ya koma makaranta sai da dalili. Da aka kwana biyu sai na shiga mota na nufi jami'ar ban aika masa ba, don mai son ganin gaskiyar makiyayi ba ya sanar da shi ranar da zai zo ruga.

Na same shi a wani dogon ɗaki mai wari kamar an haɗa majema da asibiti. Yana sanye da farar riga irin ta likita, ga shi ba majinyaci ko ɗaya. Me yake yi? Wanke kwalabe. Wallahi wanke kwalabe, kamar mai shirin tallar zoɓo. Ya nuna min wata na'ura a kusurwa, an lulluɓe ta da ƙyalle, ya ce ita ke zuƙar ruwa ta hura shi cikin wuta ta faɗi abin da ke ciki, amma ta lalace, ana jiran kayan gyara daga ƙasar waje. Ya ce aikinsa shi ne ya gano ko takin zamani da maganin feshin da muke zubawa a gona suna gangarawa cikin rijiyoyinmu.

Muna nan sai malaminsa ya shigo, wani Ba'indiye gajere mai tabarau. Ya gaishe ni da Hausa har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Baba, Jajaye rijiya nawa?"

Na dube shi da kyau. Mutum ya baro Indiya, ya tsallake teku, don ya san yawan rijiyoyin Jajaye? Na ce masa ban taɓa ƙirgawa ba. Na san su kuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu da hannuna aka haƙa su.

Shekarar farko Lurwanu ya ɗebi ruwa a wasu garuruwa ya kai, malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka rufe ɗakin, ruwan ya lalace a ciki. Da ya zo gida ƙarshen damina ta biyu, an yanke gero dawa tana fitar da kai, sai ya zo da akwatin katako cike da fararen kwalabe na roba. Ya faɗa min a zaure cewa wannan ne zuwa na ƙarshe. Ruwan ƙarshen damina ake so, bayan taki ya gama nutsewa, kuma in wannan ya sake lalacewa jami'a ba za ta ƙara masa lokaci ba, sai dai ya tattara ya dawo hannu biyu.

Ga kuma lokacin da ya zaɓa. A shekarun nan ake aikin dam na Challawa, an tashi ƙauyuka a ƙasar Ƙaraye, mutane sun bar gonaki da kaburburan iyayensu. Kowa ya san yadda abin ya fara: wasu masu wando sun zo suna aune-aune suna rubuta sunaye. Mu ruwan bai zo kusa da mu ba, amma ji-ta-ji-ta ta zo, wai akwai wani aikin a gaba. Sai ga ɗana yana bin gida-gida a Jajaye, ya hau keke ya je Yola ta nan kusa da Unguwar Hajji, yana ɗiban ruwan rijiya yana rubuta sunan mai gida a jikin kwalba.

Uwarsa Tasalla ce ta fara yi min magana. Akwatin a ɗakinta ya ajiye shi, kusa da randa, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ce kada kowa ya taɓa.

Ta ce, "Malam, ni fa abin nan ya ishe ni. Jiya na je barka gidan Laure, ina shiga mata suka yi tsit. Cewa ake ɗanka yana ɗaure mutane a kwalba."

Na ce, "Bakinsu ne, ki bar su."

Ta ce, "Kai ka yarda da shi?"

Washegari da hantsi na bi Lurwanu a baya, na tsaya bayan darni ina kallo. Gidan Gwadabe ya shiga, inda rijiya take gefen fadama, kusa da rumbun da yake tara buhunan taki na tumatir da rake. Gwadabe sa'ana ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma tun daga ranar ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Ga abin da idona ya gani. Lurwanu ya ƙi gugan gidan, ya ciro nasa daga leda ya zura. Ya cika kwalba ya girgiza ya zubar a gefe, ya sake, ya sake. Sannan ya cika ta, ya ciro wata 'yar ƙaramar kwalba mai ruwan ƙasa daga aljihu, ya ɗiga wani abu a ciki yana kawar da fuska, ya toshe, ya yi rubutu. Matar Gwadabe tana tsaye bakin madafa da muciya a hannu tana kallonsa, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ni na ga duniya, na san yadda ake yi wa mutum asiri. Ƙasar ƙofar gidansa ake ɗiba, ko sawun ƙafarsa, ko ruwan da yake sha, a haɗa da sunansa. Da wani ne ba ɗana ba, da a nan zan ɗaga masa sanda.

A hanya na tare shi na ce, "Me gugansu ya yi maka?"

Ya ce, "Gugansu na robar taya ne, Baba, yana da nasa dattin da zai ɓata awon."

"Abin da ka ɗiga fa?"

"Shi ke hana abin da ke cikin ruwan ya lafe a jikin kwalba. Yana riƙe shi yadda yake har a kai wa na'ura."

"Sunayen mutane kuma, wa za ka kai wa? Ba'indiyen nan?"

Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Baba, har da kai?"

Na ce, "Ni na haife ka, amma ba ni na karantar da kai ba. Ban san abin da suka zuba maka a kai ba."

Ya tura kekensa ya wuce. A kwanakin nan tare muke cin tuwo a akushi ɗaya, amma kowa idonsa na kan lomarsa.

Ba a jima ba saniyar Gwadabe ta yi ɓari. Saniya takan yi ɓari, ni na ga haka ba adadi, amma wannan a rijiyar nan take sha, kuma gari ya riga ya cika da magana.

Ranar kasuwar Rogo Lurwanu ya gama aikinsa, ya ɗauki akwati zuwa bakin titi zai shiga mota. Ina gyaran turke a gida sai na ji hayaniya. Kafin in fito an riga an wuce da shi ƙofar gidan mai unguwa Jibo, Gwadabe a gaba, samari ɗauke da akwatin a baya. Na ɗauki sandata na bi su.

Na tarar an dire akwatin a gindin ceɗiya, mutane sun yi da'ira, wani har ya zo da taɓarya. Na yi sallama, na gaida mai unguwa yadda ya kamata, na tambayi gida da gajiya, na zauna a hankali. Mutum ba ya nuna wa maƙiyi gaggawa.

Gwadabe ya ce, "Ranka ya daɗe, ga uban boka ya iso."

Na ce, "Gwadabe, ranar kaciya ma kai ka fi kowa ihu. Ashe har yau ba ka daina ba."

Wasu suka yi dariya, mai unguwa ya ɗaga hannu. Gwadabe ya zayyana ƙararsa: an zura baƙon guga a rijiyarsa, an ɗiga magani, an rubuta sunansa, saniyarsa ta zubar da ɗa. Ko dai asiri ne, ko kuma masu tashin gari ne suka aiko shi. Abin da yake nema a farfasa kwalaben nan gaban kowa, yaron kuma ya bar musu gari.

Mai unguwa ya ce, "Lurwanu, me ke cikin kwalaben nan?"

"Ruwanku ne, ranka ya daɗe. Ban zuba komai a rijiyar kowa ba, a kwalba na ɗiga."

"To ai magana ta zo da sauƙi. Mai magani ma kafin ya ba ka shi yake fara kurɓa. Ɗauki ta Gwadabe ka sha, kowa ya tafi kasuwa."

Lurwanu ya ce, "Ba zan sha ba, ranka ya daɗe."

Mutane suka dubi juna. Ni kaina na ɗago na dube shi.

Ya ci gaba, wai doka ce ta aikinsu, tun ranar farko ake koya musu cewa abin da aka shirya don gwaji ba a kai shi baki, ko da ruwa ne. Kuma kowace rijiya kwalba ɗaya gare ta, in an shanye shi ke nan, ta Gwadabe kuwa ita ya fi bukata saboda rumbun takin nan.

Gwadabe ya yi tsalle. "Kun ji ko! Tawa ya fi bukata!"

Mai unguwa ya ce, "Abin da ka ɗiga, mene ne sunansa?"

Da yaron nan ya yi shiru da ya fi masa. Amma boko ya koya masa cewa in ka yi wa mutane bayani za su gane. Ya ce sunansa asid, ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma don su fahimta, dangin ruwan batir ne.

Ruwan batir! Ba wanda bai san abin da ruwan batir ke yi wa riga ba, balle hanji. Wuri ya kaure, mata daga bayan katanga suna salati, mai taɓarya ya matso. Lurwanu ya faɗa kan akwatin ya rungume shi da hannu biyu, yana cewa, "Don Allah ku tsaya, don Allah ku saurare ni." Hularsa ta faɗi ƙasa, aka taka.

Sai na miƙe. Na buga sandata a ƙasa na ce, "Wanda ya taɓa akwatin nan kafin in gama magana, ni da shi ne." An san ni, aka ja baya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sha ake so a yi? Jinin da ke jikinsa nawa ne. In na sha, ya sha. Ka yarda?"

Mai unguwa ya dubi Gwadabe. Gwadabe ya ce ya yarda, amma ba yaron zai zaɓo kwalbar ba, kada ya miƙo wadda ba komai a ciki. Aka kira Malam Lukumanu na makarantar firamare, ya bi rubutun ɗaya bayan ɗaya har ya ciro mai sunan Gwadabe, ya miƙo min da yatsa biyu kamar ya kamo kunama.

Na juya ga ɗana na yi masa magana da Fillanci, harshen da nake yi masa faɗa da shi yana ƙarami, don Gwadabe ba ya ji.

Na ce, "Dube ni. Zai kashe ni?"

Ya ce, "Ba zai kashe ka ba, Baba. Amma kada ka sha."

"Ba zai kashe ni ba, ko kana zaton ba zai kashe ni ba?"

Ya ce, "Lissafi ya nuna ba zai kashe ka ba. Ɗigon kaɗan ne, ruwan da yawa."

"Lissafin wa? Na Ba'indiye?"

"Nawa."

Na daɗe ina kallon idonsa. Na sayi shanu a hannun maƙaryata iri-iri, na san idon mai ɓoye ciwon dabba. Wannan tsoro ne a cikinsa, amma ban ga ɓoyo ba. Duk da haka ba zan ce zuciyata ta wanke shi tas ba. Na dai ce a raina, in ɗan da na haifa guba yake ɗauka gida-gida, gara ni in fara sani, kuma in sani da cikina.

Na buɗe, na yi bisimilla, na kafa kai. Tsami! Ka haɗa tsamiya da lemon tsami da ɗanyar yakuwa, ba su kama ƙafarsa ba. Haƙorana suka mutu nan take, maƙogwarona ya yi kamar na haɗiyi ƙaiƙayi. Ban sauke ba sai da na ga gindin kwalba. Na kife ta a gaban Gwadabe, na goge gemu.

Na ce, "Gwadabe, ruwan rijiyarka ba daɗi. Haka kake ba baƙi?"

Ya ce, "Ba a gama ba. Guba ba ta aiki a tsaye. Ya zauna nan har azahar mu gani."

Na ce, "Har la'asar ma in kana so. A kawo min tabarma."

Na zauna. Ba zan ɓoye ba, cikina ya ɗauki zafi kamar an aje garwashi a ƙarƙashin ƙirjina, gumi yana bin bayana. Lurwanu ya ruga gida ya dawo da ƙwaryar madara, Tasalla na biye da shi mayafi a karkace. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sha wannan, zai kwantar maka."

Na ture ƙwaryar. Na ce masa a hankali, "Duk karatunka ba ka san wannan ba? Ina kurɓa za su ce makari ka kawo."

Tasalla ta ce, "Malam, tsufa ya zo maka da hauka ne?"

Na ce, "Koma gida ki ɗora tuwo, da yunwa zan dawo."

Na nemi goro, na kasa tauna shi saboda haƙora, sai na riƙe shi a kumatu ina ba mutane labarin yadda na ƙetare kogi da garke a shekarar fari. Duk wanda ya leƙo fuskata in tambaye shi ko ya ga wani abu ne. Gwadabe yana zaune daura da ni bai ɗauke ido ba, in na yi gyatsa sai ya ɗago. Masu zuwa kasuwa da yawa suka fasa, inuwar ceɗiya ta janye ta dawo, ba wanda ya tashi.

Da ladan ya kira azahar na miƙe ba tare da na dafa sanda ba. Na yi alwala a gabansu, na shiga sahun farko, na yi ruku'u da sujada ba abin da ya zubo. Bayan an sallame mai unguwa ya ce, "Jama'a, kun gani. Lurwanu, ɗauki kayanka." Gwadabe ya yi ta gunaguni wai cikin Halliru ba cikin mutane ba ne, amma ba wanda ya biye masa.

Sai da muka shiga zaure na karɓi madarar nan na shanye. Kwana biyu ban iya tauna komai ba sai kunu.

Washegari na raka akwatin bakin titi da kaina, na sa aka ɗora shi a gaban mota, ba a baya wurin awaki ba. Lurwanu ya riƙe hannuna. Na ce, "Tafi. Ka gaya wa malaminka kwalba ɗaya ta yi ciwon kai, ba ta samu zuwa ba."

An gyara na'urar, ya yi awonsa, ya rubuta abin da zai rubuta, manyan malamai suka zaunar da shi suka yi masa tambayoyi, ya ci. Da ya zo gida da rani ya bi gidajen da ya ɗebi ruwansu. Wasu ya ce musu rijiyarsu lafiya lau, har da tawa. Wasu ya ce taki ya yi yawa a tasu, kada a dama wa jarirai koko da ita, kuma a janye buhunan taki daga kusa. Wasu suka ji, wasu suka ce Allah ke tsarewa. Ba a tashi Jajaye ba, ga mu nan har yau.

Gida ɗaya ne bai shiga ba, don ba shi da abin faɗa a can.

Bayan ya koma, ina zaune ƙofar gida da yamma sai ga Gwadabe. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi zafi, ya sake tambayar shanu. Na bar shi yana kewaye har ya gaji.

Can ya ce, "Wai ni kam, yaron nan ya faɗa wa kowa tasa. Tawa fa? Me na'urar ta ce?"

Na ce, "Na'urar da ta sha taka ga ta zaune a gabanka."

"Halliru, bar wasa. Jikokina a rijiyar nan suke sha. Ga rumbun nan a gefenta."

"To me zan ce maka? Kai ka zaɓi kwalbar, kai ka ce a shanye."

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce, "Da ka sha, ban da tsamin, ba ka ji wani abu ba? Ɗan ɗaci haka, ko wari?"

Na ce, "Na ji."

Ya matso. "Me ka ji?"

"Na ji muryarka kana cewa in zauna har azahar."

Ya tashi ya kaɗe riga, ya ce ni dai ba a magana da ni. Ya kai bakin darni sannan ya juyo, bai dube ni ba, ya ce, "Gobe yara za su zo ɗiban ruwa a rijiyarka. Ruwan sha kawai."

Na ce, "Su zo da wuri, kafin shanu."